Keken lantarki ya iso gida, amma wa zai ji da batirinsa?

A 'yan shekarun nan 'yan uwanmu mazauna Faransa, Beljiyam, Amurka da Saudiyya sun soma aiko wa iyaye da dangi masu lalurar ƙafa keken guragu mai aiki da lantarki. Ranar da keken ya iso unguwa ana murna, a ɗauki hoto a tura a WhatsApp, tsoho ya kai kansa masallaci babu mai tura shi. Bayan shekara ɗaya, wani lokaci ma ba a kai ba, sai ka tarar da keken a lungun zaure ƙura ta rufe shi, an ɗora masa tabarma. In ka tambaya a ce maka ya lalace. Sau da yawa injinsa lafiya lau yake, batirin ne ya mutu.

A ganina, wanda ya aiko da keken lantarki bai yi tanadin batirinsa ba, rabin kyauta ya yi. Mutumin da ya saba fita da kansa, ya je kasuwa, ya je ɗaurin aure, ya je karatu, sannan aka wayi gari ya koma zaman ɗaka, ya fi wanda bai taɓa samun keken ba jin zafin abin.

Yawancin waɗannan kekuna suna aiki da volt 24, wato batir biyu masu volt 12 da aka haɗa. Akasari batiran dalma ne rufaffu, irin da ake kira gel ko AGM, waɗanda aka ƙera don su riƙa ba da wuta a hankali na tsawon awoyi. Sababbin kekuna masu naɗewa kuwa sun fi zuwa da batirin lithium. Ko a ƙasashen da aka ƙera su, batirin dalma na keken da ake hawa kullum bai cika wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba. A nan kuma yana da abokan gaba guda uku: zafi, ɗaukewar wuta da rairayi.

Masu ƙera batir suna auna rayuwarsa ne a zafin digiri 25. Abin da aka sani shi ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan wannan yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi. To a Yamai, Tawa, Maradi da Damagaram, zafin watannin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Keken da aka bari a tsakar gida rana na dukansa, ko a cikin shagon kwano, ana dafa batirinsa ne ba a sani ba. Wurinsa inuwa, inda iska ke shiga, kuma a can ya kamata a yi masa caji.

Matsalar wuta kuwa kowa ya san ta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma mun ga halin da aka shiga da aka katse layin a watan Agustan wannan shekara. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage raɗaɗi, amma har yanzu da bazara wuta na zuwa tana tafiya. Batirin keke yana son caji na awa 8 zuwa 12 a jere. Idan kullum rabin caji yake samu, ko aka bar shi kwana da kwanaki babu wuta a cikinsa, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar, daga nan ba zai sake riƙe caji yadda ya kamata ba. Wutar da yake sha ba ta da yawa: batir biyu masu Ah 50 suna ɗaukar kimanin kilowat-awa 1.2, kwatankwacin abin da fankar sama ke ci a awa 16. Gidan da ke da sola mai ɗan ƙarfi zai iya ɗaukar nauyinsa.

Sai rairayi. An ƙera kekunan nan ne don kwalta da daɓe. A titunan unguwanninmu injin yana jan wuta mai yawa kafin ya fita daga yashi, tafiyar da ya kamata ta ci rubu'in caji sai ta cinye rabi. Idan tayoyin masu iska ne, a riƙa leƙawa wurin mai faci, domin taya mai laushi ɓarawon caji ce.

Kulawar ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A jona keken duk daren da aka yi amfani da shi, ko da tafiyar ba ta da nisa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a jira sai fitilar ta koma ja. A yi amfani da cajar da ta zo da keken kawai, a duba rubutun jikinta: wutarmu volt 220 ce, ta Amurka 110 zuwa 120, kuma cajar da aka yi don wutar Amurka kaɗai ƙonewa za ta yi. A sa na'urar daidaita wuta tsakanin caja da bango. A riƙa share ƙurar hunturu daga bakin wayoyin, kada a watsa wa keken ruwa. Idan mai keken ya kwanta jinya ko ya yi tafiya, a cika batirin kafin a ajiye, a kuma riƙa sake jona shi lokaci-lokaci. Batirin lithium da ya kumbura ko yake zafi fiye da ƙima, a fitar da shi daga ɗakin kwana nan take, gobara yake haddasawa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ranar canji. Ana zuwa wurin mai gyaran mota ya sa batirin mota saboda ya fi sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Batirin mota aikinsa ya tada inji cikin daƙiƙoƙi, ba ya jure a riƙa zuƙe shi kullum, ga ruwan asid da zai iya zuba a ƙarƙashin mutumin da ba ya iya tashi da sauri. Wasu kuma guda ɗaya suke canzawa, sai tsohon ya ja sabon su mutu tare. Biyun ake canzawa lokaci ɗaya, iri ɗaya, girma ɗaya.

Na san masu cewa duk wannan wahala ta mece ce, keken hannu mai ƙafa uku da maƙeranmu ke haɗawa ya fi dacewa da ƙasar nan. Suna da gaskiya ga wanda hannayensa ke da ƙarfi, kamar yawancin waɗanda shan inna ta shafa. Amma tsohon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko matashin da haɗarin babur ya taɓa masa laka daga wuya, ba zai iya murza keken hannu ba. Shi batirin nan ne ƙafarsa.

Don haka kirana uku ne. Ga 'yan uwa na waje: kafin ku biya kuɗin jirgi, ku tambayi irin batirin, ku tabbatar ana samun girmansa a gida, ku haɗo da caja ta biyu, ku ware kuɗin canjin batir kamar yadda kuke ware kuɗin magani. Keken gwanjo galibi batirinsa ya riga ya gaji tun can. Mai niyyar riƙo batirin lithium a jirgi ya sani cewa kamfanonin jiragen sama suna da ƙa'ida a kai, ya sanar da su tun kafin ranar tafiya.

Ga matasanmu masu haɗa sola da gyaran babur: kun riga kun san batirin gel, abin da ya rage kaɗan ne. Wannan sana'a ce da ke jiran masu ita a kowane babban gari.

Ga hukuma: Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, yarjejeniyar da ta ɗora wa ƙasashe nauyin sauƙaƙa samun kayan taimakon motsi a farashi mai sauƙi. Batir da caja suna cikin waɗannan kaya, ya kamata duwan ta ɗauke su a haka. A kuma tanadi wurin karɓar tsofaffin batura. A unguwar Thiaroye ta birnin Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sanadin gubar dalma daga batiran da ake fasawa a cikin gidaje. Kada a bar mataccen batir a tsakar gida inda yara ke wasa.

Idan akwai irin wannan keke a zauren gidanku, ku ɗauke tabarmar da ke kansa, ku kira mai sola ya auna batiran. Wataƙila abin da ya raba tsohon nan da sallar Juma'a bai wuce batir biyu ba.