Malamai, wa kuka bar wa saman Google?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibanmu na koleji da lise, daga Maraɗi har Tawa: "Mushe, a Google na gani." Da ita suke rufe gardama. Iyayen da suka sayi waya suka zuba mega kuma sun ɗauka ɗansu ya samu malami na biyu kyauta. Ina da ja a kan wannan, kuma jan nawa ya fi zafi a kan malamai ƴan uwana da ke da ilimin gyara lamarin amma suka naɗe hannu.

In yaro ya rubuta "Sarauniya Mangu" ya latsa, Google ba ya zama ya tantance wane shafi ya faɗi gaskiya. Lissafi yake yi. Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban jami'ar Stanford ta Amurka, sun kafa kamfanin a 1998 bisa wata dabara mai suna PageRank: shafin da wasu shafuka da yawa suka yi nuni gare shi, musamman manya, shi ake ɗagawa sama. Yau ma'aunan sun ƙaru. Ana duba kalmomin da ke kan magana da cikin rubutu, da saurin buɗewar shafi, da ko yana karantuwa a waya. A bisa duk wannan akwai talla, wadda kuɗi ake biya, da ɗan rubutun "Sponsorisé" da yaro ba ya ko kallo.

Duk inda aka ajiye ma'auni, mai algus na nan kusa. Ɗaga shafi zuwa saman Google sana'a ce guda, da masu yin ta tsakani da Allah da masu maguɗi. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga jerinsa na ɗan lokaci, saboda an gina shafukan yaudara cike da kalmomi don injin bincike kawai. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda wani babban kanti na Amurka, J.C. Penney, ya haye sama ta hanyar nunin da aka saya a dubban shafukan banza, Google ya tunkuɗo shi ƙasa. A wannan shekarar aka fito da gyaran da ake kira Panda don shafukan da ba su da komai sai tarin kalmomi, a 2012 kuma Penguin don masu sayen nuni. To, in sunan kamfanoni irin waɗannan ya fito a wannan harka, me zai hana wani mai neman kuɗin talla ya cika shafi da shirme a kan tarihin Damagaram? Yanzu ma ya fi sauƙi, tunda na'ura ce ke rubuta masa.

Kowace uwa ta san cewa mai rumfar bakin ƙofar kasuwa ba lallai ne ya fi kowa kyawun hatsi ba. Takan shiga ciki, ta ɗiba, ta duba, ta taya. Wannan wayon ta koya wa ɗiyarta a kan tiyar gero. A kan ilimi kuwa an bar yarinya tana kwasar abin da ta fara cin karo da shi.

Wasu malamai sun ce maganin shi ne a hana waya. A hana a cikin aji, ban musa ba. Amma aikin gida da dare ake yin shi, kuma mushe ba ya nan. Wasu kuma sun ce ba su da kuɗi, ba su iya kwamfuta ba. Wannan hujjar ce ba na karɓa, domin rabin sana'ar nan mai tsabta aikin da malami ke yi ne kullum a allo. Ka sa kan magana wanda ya faɗi abin da ke ciki. Ka amsa tambaya tun a sakin layi na farko. Ka yi amfani da kalmomin da yaro zai rubuta: ka sa Damagaram ka sa Zinder, ka sa Tawa ka sa Tahoua, ka tuna cewa yawancinsu ba sa rubuta ƙ da ɗ da ƴ a waya. Kada ka lafta hotuna masu nauyi, mega tsada gare shi. In abokin aikinka ya rubuta abin kirki, ka yi nuni gare shi daga shafinka, shi ma ya yi gare ka. Search Console, inda mai shafi ke ganin abin da mutane suka nema har suka iso gare shi, kyauta Google ke ba da shi.

Filin Hausa kuma ba shi da cunkoso irin na Faransanci. Darasi ɗaya mai kyau na iya samun wuri a gaba. Abin rubutawa ma ba a rasa ba: yadda Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a watan Afrilu na 1899, yadda Damagaram ta riƙe matsayin babban birni har 1926 kafin a mayar da shi Yamai, yadda Katsinawa suka kafa Maraɗi bayan jihadi. André Salifou da Djibo Hamani, waɗanda jami'o'in Damagaram da Tawa ke ɗauke da sunayensu, sun yi bincike mai zurfi kan tarihin ƙasar nan. Aikin nasu yana cikin littattafan da yaron Dakoro ba zai taɓa riƙewa ba. Wa zai kai masa in ba malaminsa ba? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai mai ita ya buɗe baki.

Masu lakwal masu zaman kansu, ku ma ku ji. Duk wanda ya zo ya ce zai sa makarantarku ta ɗaya a Google in kun biya, ku sallame shi. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbaci. Ku sa darussan malamanku a shafin, ku sa kuɗin makaranta da adireshi na gaskiya.

Iyaye, ba sai kun iya Faransanci ba kafin ku tambayi ɗanku: wa ya rubuta wannan, yaushe, me yake sayarwa? In bai iya amsawa ba, ya koma ya sake nema.

Malamai kuwa, abin da nake nema kaɗan ne. A taron CAPED mai zuwa, ko a ɗakin malamai, kowa ya ɗauki darasi ɗaya da ya fi ƙwarewa a kai, ya rubuta shi da sunansa, wani ya duba masa, a sa a intanet kafin hutu. Wanda ya ƙi, kada in ji shi yana ƙorafi ranar gyaran takardu cewa yara sun kwafo shirme.