Tari Biyu, Magani Biyu: Gargaɗi a kan Ciwon Huhu ga Mai Ƙanjamau

Ya ku malamai da fatake, masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka sha'anin ƙanjamau yake. Ita takan rushe garkuwar jiki, sa'an nan waɗansu cututtuka su kama huhu, sau da yawa kuwa su ne ajalin majiyyaci.

Babbansu tarin fuka, wanda ya fi kowace cuta kashe masu ƙanjamau a duniya. Alamunsa tari, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama. Na biyu wani ciwon huhu ne da likitoci ke kira PCP, wanda wata irin fumfuna ke kawowa. Shi aka gani ga samari biyar a birnin Los Anjalis na Amurka a 1981, daga nan duniya ta fara sanin ƙanjamau. Yakan zo da busasshen tari da haki, galibi in awon garkuwa, watau CD4, ya gaza 200.

Abin lura, maganin wannan ba ya warkar da wancan. Saboda haka wanda ya sayi ƙwaya a kemis bisa zato ya yi hasarar kuɗi da kwanaki. Sai an auna. Tsohon awon kaki da madubin likita yakan kasa gano tarin fuka ga mai ƙanjamau. Amma a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, mai ba da amsa cikin kamar awa biyu, a 2015 kuma da awon fitsari domin wanda ciwo ya kayar.

Maganin PCP shi ne Septrin, kwana 21, kuma ana shansa kullum don rigakafi. Na tarin fuka wata shida ne cur, kyauta ne a asibitocin gwamnati na Nijeriya. Shi ake fara sha, kana a bi da na ƙanjamau cikin mako biyu, sai fa in ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, likita ya jinkirta.

Tarin fuka iska yake bi, ba ya tambayar wa ke da ƙanjamau. Lalle malamin da ya ji tari ya daɗe a zaurensa, da falken da yaronsa ke rama, su kai shi awo tun da wuri, kada kunya ta hana. Haza wasalam.