Shatar Jirgin Ruwa A Zanzibar: A Nemi Madugu Kafin A Nemi Jirgi



Kwanan baya wani ɗanmu, ɗan kasuwa da Allah Ya buɗa wa, ya zo gaban dattijon zangonmu a nan Kumasi neman albarka. Niyyarsa ita ce ya ɗauki shatar jirgin ruwa mai tafiya da iska, shi da iyalinsa da ƙannensa biyu, su yi mako guda suna kewaya tsibirin Unguja, wanda duniya ta fi sani da Zanzibar. Bai gama bayani ba zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa. Wasu suka ce dukiyarsa ce, kuma ta halal ce.

Mu dai ba mu ga aibu ba ga wanda ya sauke zakka da haƙƙin iyali da na dangi idan ya fita ya ga ikon Allah a teku. Abin da ya dame mu shi ne yadda ya tsara tafiyar: ya zaɓi jirgi a hoton waya, ya zaɓi ranaku bisa hutun makarantar yara, amma bai san sunan wanda zai tuƙa shi ba. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga da Gwanja ɗaukar goro ba haka suke shiri ba. Kafin a ɗaure wa jaki kaya sai an san madugu, an san lokacin tashi, an san zangunan da za a yada. Waɗannan ukun muke so duk mai irin wannan niyya ya riƙe.

Na farko shi ne madugu, wanda Suwahilawa ke kira nahodha. Shatar irin wannan jirgi kashi biyu ce: ko a ba ka jirgin zalla ka tuƙa da kanka idan kana da takardar shaidar iyawa, ko a ba ka shi da matuƙi da ma'aikatansa. Ga mutumin da ya tashi a kan tudu, magana ta biyun ce kaɗai. Kuma a nemi ɗan ƙasa, wanda ya san ruwan tun yana yaro. Gabashin Unguja kewaye yake da duwatsun murjani, kuma idan teku ta janye a can takan bar fili mai nisa, inda jirgi ke yawo da hantsi ya zama yashi da azahar. Yammacin tsibirin ya fi lafawa, shi ya sa masu hankali suka fi kwana a can. Tsakanin Unguja da Pemba kuwa ruwa ne mai zurfi da ƙarfin gudu. A nan ne jirgin fasinja Spice Islander ya nutse a watan Satumba na 2011, bayan an yi masa lodi fiye da kima, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Saboda haka a tambayi adadin mutanen da aka yarda jirgi ya ɗauka, a ƙirga rigunan ceto da hannu, har da na yara, a ga na'urar kiran agaji tana aiki. Mai jirgin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu shi ne lokaci. Teku ba ta san hutun makaranta ba. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas. Bayanta sai damina babba, masika, daga Maris zuwa Mayu. Sannan kusi ta taso daga kudu, ta fi tsanani tsakanin Yuni da Agusta. Da waɗannan iskoki biyu jiragen Oman da Indiya suka yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci: su zo da kaskazi, su zauna jiran kusi ta mayar da su gida. Idan attajiran da suka dogara da teku don cin abincinsu sun yi haƙurin watanni, mai yawon shan iska ba shi da hujjar matsa wa matuƙi ya tashi a ranar da ya ce a zauna. A bar kwana ɗaya ko biyu a cikin shirin babu komai a kansu.

A nan ne maganar yarjejeniya ta shigo. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin hayar jirgin ruwa, har suka ce mai jirgin da aka yi da shi zai kai ka wani gari ba ya cin ladarsa sai ya kai ka. Shatar kwanaki ba haka take ba, don lokaci kake saye, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Don haka a rubuta komai tun kafin a ba da kafin alƙalami: wa zai biya mai, da abinci, da kuɗin shiga wuraren da hukuma ta keɓe, irin ruwan da ke kewaye da Mnemba, me za a mayar idan iska ta hana fita. A kuma faɗa a fili cewa ba a son giya a cikin jirgin, domin da yawa daga masu wannan sana'a sun saba ɗora ta ba tare da an nema ba.

Na uku, wanda ya fi tsaya mana a rai, shi ne zango. Illar irin wannan hutu ita ce mutum yana iya kewaye tsibiri kaf bai shiga shi ba: ya ga farin yashi da shuɗin ruwa, ya dawo bai gaisa da kowa ba. Alhali Zanzibar ƙasar Musulmi ce mai tarihi. A Kizimkazi, can kudu, akwai masallaci da rubutun Kufi a bangonsa mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. A Nungwi, can arewa, har yau ana sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin ruwa. A tsohon birnin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, akwai wurin da kasuwar bayi ta ci har aka rufe ta a 1873, kuma ya kamata yaranmu su tsaya a can su ji abin da aka yi wa baƙar fata. Tsibirin Tumbatu kuwa mutanensa ba sa son a faɗo musu babu sallama, sai da izinin shugabanninsu. Mu da muka san cewa baƙo ba ya kwance kaya a zango sai ya gaida sarkin zango, bai kamata a koya mana wannan ba. A sauka da sutura ta mutunci, a sayi kifi da kanumfari a hannun masu su, a yi jam'i da mutanen gari. Galibinsu Shafi'awa ne, don haka za a ga ƙananan bambance-bambance a salla. A bi liman, kada a tsaya gyara shi.

Ko ibadar cikin jirgin tana son shiri. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ana fuskantar alƙibla, idan jirgi ya juya a juya tare da ita, wanda jiri ya hana tsayuwa ya zauna. Amma mu da bakinmu ya saba kiran alƙibla gabas, mu sani cewa daga Zanzibar Makka tana arewa ne kusan sak. Wanda ya bi al'adar gida a can zai yi mako yana kallon inda ba alƙibla ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka kira tafiyar almubazzaranci, muna cewa ba duka suka yi kuskure ba. Idan kuɗin zai ƙare a hoton da za a baza don a ƙona zuciyar maƙwabci, gaskiyarsu ce. Idan kuwa zai shiga hannun matuƙi ɗan ƙasa da masunta da masu dafa abinci, yara su dawo sun san akwai masu salla irinsu a wancan gefen Afirka, to ba asara ba ce.

Dattijonmu ya sa wa yaron albarka bisa sharaɗi guda: kada ya biya ko sisi sai ya yi magana da matuƙin baki da baki, ya ji wane wata shi zai zaɓa da iyalinsa ne za su hau.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya. Amin.