Kada a Liƙa wa Yaranmu Taurari



Wata shawara ta fara yawo a zumuntar matasa ta wasu ikilisiyoyinmu na Kankia da Kusada, kuma gara mu yi magana a kanta tun ba ta zama doka ba. Shawarar ita ce duk yaron da ya ci ƙwallo a ƙungiyar ikilisiya, a liƙa masa sitika mai siffar tauraro a ƙirjin rigarsa. Wasu ma sun ce me zai hana a shigo da abin cikin majami'a, a kafa allo a bango, a riƙa ba da tauraro don haddar aya, da zuwa sujada da wuri, har da baiko. Masu wannan shawara ƙwazon yara suke nema, mun sani. Duk da haka ba mu yarda ba, kuma za mu faɗi dalili.

A waya suka ga abin. A jami'o'in Amurka akwai wata irin ƙwallo da ake runguma da hannu, 'yan wasa suna karo da juna kamar raguna, shi ya sa kowa yake sa hular kwano. Tun ƙarshen shekarun 1960, zamanin koci Woody Hayes, Jami'ar Jihar Ohio take liƙa wa ɗan wasan da ya yi bajinta sitika a hularsa, mai hoton ganyen buckeye, bishiyar da jihar ta ɗauka alamarta. Kafin kakar wasa ta ƙare, hular wani ta cika har ba a ganin fentinta, ta wani kuwa fayau. Jami'ar Jihar Florida ɗan gatari take liƙawa, Clemson kuma sawun damisa. Ana danganta al'adar da matuƙan jiragen yaƙi na Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ke zana alama a jikin jirgi duk lokacin da suka harbo na abokan gaba.

Abin da wayar ba ta nuna musu ba shi ne masu al'adar ma sun sha jayayya da ita. Da Jim Tressel ya karɓi ƙungiyar Ohio a 2001, ya sake tsarin, ya mai da yawancin sitikar ta zama ladan abin da aka yi tare, in an ci wasa kowa ya samu. Michigan ta ajiye nata kusan shekara ashirin kafin ta dawo da su a 2015. Alabama kuwa lambar ɗan wasa ce a gefen hularta, ba ta liƙa wa kowa ladan bajinta, amma ta ɗauki kofin ƙasa sau shida tsakanin 2009 da 2020. To, wanda ya ce sai da tauraro yaro zai yi gudu, sai ya yi mana bayanin wannan.

Tauraro abin da ake iya ƙirgawa yake bi. Tun 1956 ake ba da kyautar Ballon d'Or, amma gola ɗaya tak ya taɓa samunta, Lev Yashin, a 1963. In manyan masana ƙwallo na duniya sun kasa ganin mai tsaron raga, shugaban matasa da ke tsaye bakin fili da littafi zai gan shi? Ɗan gaba zai koma gida da taurari uku. Ɗan bayan da ya sha duka a ƙwauri ya hana a ci mu, da wanda ya miƙa ƙwallon, da ƙaramin da ya ɗauko jarkar ruwa tun daga rijiyar burtsatse, rigarsu haka za ta zauna. Ba za a yi wasa uku ba yara za su gane lissafin, kowa ya daina ba da ƙwallo, ya riƙa buga ta raga ko daga ina yake.

Allon majami'a kuwa ya fi wannan muni, domin mun san gidajen da yaranmu suke fitowa. Yarinyar da ta makara sujada, sau da yawa ita ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi wa ƙannenta wanka, sannan ta tako daga ƙauye. Yaron da bai haddace aya ba, wataƙila an cire shi daga makaranta tun aji uku ya koma kiwo, har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙi. Tauraron baiko kuma, wa zai ci shi? Ɗan ma'aikaci mai albashi. Wanda ubansa ya bar gonar daji ba noma saboda tsoron 'yan bindiga zai zauna yana kallon sunansa a ƙasan allo kowace Lahadi, a gaban sa'o'insa. Allon zai rubuta talauci, mu kuma mu karanta shi a matsayin sanyin bangaskiya. Ku tuna a Markus 12 mutane da yawa sun zuba kuɗi masu yawa, amma gwauruwar da ta saka ƙananan kuɗi biyu ce Ubangiji ya nuna wa almajiransa. Da allonmu aka yi amfani da shi ranar nan, da ita ce ta ƙarshe.

Kuma mu ba mu da yawa a wannan yanki. Babbar majami'a a Jos ko Kaduna za ta iya rasa yara goma ba a lura ba. Mu in yaro ɗaya ya ji kunya ya daina zuwa, benci guda ne ya zama fanko, wani lokaci gida guda.

Za a ce mana, ai 'yan Birged suna sa baji a hannun riga, ba mu hana ba. Gaskiya ne. William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade a Gilasgo a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, kuma an daɗe ana ba da baji a cikinta. Sai dai bajin Birged shaidar abin da yaro ya koya ne, kamar taimakon gaggawa ko fareti, kuma in yara talatin suka kai mizani, talatin ɗin za su samu. Bajin wani ba ya rage na wani. Ƙwallon da ɗan gaba ya ci don tauraro kuwa, sau da yawa ita ce wadda ya hana ɗan'uwansa. Ko bajin ma, muna roƙon ofisoshin Birged su lura kada kuɗin yunifom ya zama shi ne jarrabawar.

Za a kuma kawo mana 1 Korintiyawa 9, inda Bulus ya yi maganar tsere da lada. Mun karanta. A wurin nan Bulus ya bambanta rawanin 'yan tsere mai lalacewa da wanda ba ya lalacewa, kuma horon kai yake koyarwa. A ci gaba zuwa sura 12 a ga abin da ya ce game da gaɓoɓin jikin da ake gani kamar ba su da daraja. A buɗe Matiyu 6 kuma, inda aka gargaɗe mu a kan yin sadaka da addu'a don mutane su gani. Allon taurari a bangon majami'a, ba don mutane su gani aka kafa shi ba?

Ba mu ce a daina yabon yara ba. Koci ya kira ɗan baya da sunansa bayan wasa ya gaya masa abin da ya yi daidai, malamar Makarantar Lahadi ta bi yarinyar da ta makara har gida ta gaishe da uwarta. Wannan ya fi liƙa sitika wahala, shi ya sa ake gudunsa. In kuwa lalle ana son alama a riga, a yi irin ta Tressel: ranar da aka ci wasa kowa ya samu, har mai jarkar ruwa. Kuɗin da aka ware don buga taurari a Kano, muna ba da shawara a sayi ƙwallo biyu da akwatin magani, abin da ya saura a biya motar da za ta kai yara wasan Kusada. Shugabannin zumunta su kawo maganar taronsu na gaba, a kira iyaye da dattawan ikilisiya su zauna a ciki.