Gyaran Bakin Ruwa: Wa Ke Cin Moriyarsa?

Sanin kowa ne cewa manyan biranen duniya da dama ruwa ne ya haife su. A bakinsa jirage ke tsayawa, a nan 'yan dako da masunta ke neman na tuwo, a nan kuma talaka ke kafa ɗan gidansa, saboda masu hali ba sa son wari da hayaniya. Yau al'amarin ya juya. Bakin ruwa ya zama wuri mafi tsada, kuma duk inda aka ce za a gyara shi, wanda ya zauna da shi lokacin da ba mai so, shi ake fara nuna wa hanya.

Asalin wannan canji yana ga kwantena, watau manyan akwatunan ƙarfen nan na zuba kaya, waɗanda aka soma jigila da su a Amurka a 1956. Jiragen da ke ɗaukarsu suna bukatar ruwa mai zurfi da fili mai faɗi, ba sa kuma bukatar ɗimbin 'yan dako. Saboda haka tsofaffin tashoshin Landan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, cinikin ya koma Tilbury, har aka rufe na ƙarshe a 1981.

A shekarar ce gwamnatin Thatcher ta kafa hukumar raya wannan yanki da ake kira Docklands. Hukumar, wadda minista ne ke naɗa 'yan majalisarta, ta karɓe ikon ba da izinin gini daga hannun zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi, aka kuma yafe wa kamfanoni harajin gini na shekara 10. Lalle an yi aiki. An shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a 1987, dogon benen Canary Wharf mai hawa 50 ya tashi a 1991, bankuna suka tare. Amma aikin banki bai zama gadon ɗan dako ba. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets, inda benayen suke, ta daɗe cikin sahun gaba wajen talaucin yara a Ingila.

Mutanen Landan dai an bar su a unguwanninsu, ko da an mai da su 'yan kallo. Abin da ya faru a Ikko ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta jihar, a ƙarƙashin Raji Rasaki, ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana 7, sannan ta rushe unguwar. An ƙiyasta mutanen da suka rasa matsuguni da 300,000. Hujjar da aka kafa ita ce ambaliya da ƙazanta. Amma da aka cike wurin da yashi, ga shi ya zaunu sarai ga masu kuɗi. Ashe laifin na aljihun mazauna ne.

Masu kare irin waɗannan ayyuka suna da abin faɗa, bai kuma kamata a toshe kunne ba. Teku ta yi shekaru tana cin gaɓar Bar Beach, kuma katangar duwatsun da aka yi wa sabon birnin Eko Atlantic ta tare ta a wannan sashe. Ba wanda zai ce a bar gaɓa ta zaizaye, ko a bar jama'a cikin kwatami. Sai dai gyaran wuri daban ne da sauya masu wurin, kuma hukumomi sukan lulluɓe na biyun da sunan na farkon. Abin da ya dace shi ne, kafin a buga turke ko ɗaya, a ƙidaya mazauna, a ba su takardar mallaka, a keɓe musu rabo cikin gidajen da za a gina, masunta kuma a bar musu mashigar kwalekwale.

A Otodo Gbame, ƙauyen masunta a bakin tafkin Ikko, ba a yi ko ɗaya daga ciki ba. Tsakanin Nuwamba 2016 da Afrilu 2017 an kori mutane wajen 30,000, wasunsu suka koma kwana cikin kwalekwalensu. A watan Yuni na 2017 babbar kotun jihar ta yanke hukunci cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma umarci gwamnati da ta zauna da mutanen a kan batun sake tsugunar da su. Lokacin da hukuncin ya fito, gidajen sun riga sun zama toka.