Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: Gadoji Mun Gani, Tirela Fa Ina Za Ta Bi?

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Ranka ya daɗe, abin da ke tafe da ni ba ya jiran doguwar gaisuwa.

Babu mai koya maka aikin titi a Kano. Kai ne kwamishinan ayyuka daga 2011 zuwa 2015, lokacin da aka ɗaga gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, aka haƙa na ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya. Gwamnatin da ta biyo baya ta ƙara da Dangi da Ƙofar Ruwa da Hotoro. Da ka hau kujerar gwamna a 2023 kuma ka ɗauko Tal'udu da Ɗan'agundi. Duk wanda ya san yadda ake cin kwakwa a waɗannan mahaɗu da yamma ba zai ce an yi aikin banza ba, kuma ni ma ban faɗa ba. Allah ya saka.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Fiye da shekara goma ana ta yi wa Kano gada, amma har yau babu gwamnatin da ta tsaya ta amsa wannan tambaya guda: ina tirela za ta bi, ƙarfe nawa za ta bi, kuma ina za ta kwana?

Kano kasuwa ce, ba ma gaba da manyan motoci. Hatsin Dawanau ba a kai ake ɗaukarsa ba. Kayan Singa da na Kwari, da na masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da tankokin man da ke zuwa daffon Hotoro, da kwantenonin tashar tsandauri ta Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023, duk a bayan tirela suke shigowa. Direban da ya taso daga Legas ya kwana a hanya ba maƙiyinmu ba ne, neman halalinsa yake yi. Laifin na wanda ya bar shi ya kutso tsakiyar gari da ƙarfe bakwai da rabi na safe ne, daidai lokacin da ɗan adaidaita sahu ya cika da 'yan makaranta.

Ka zo titin da ake kira baifas na gabas ka gani. An yi shi ne don babbar motar da ta fito daga titin Zariya ta kewaye gari ta faɗa titin Maiduguri ko na Haɗeja. Yau ina kewayen yake? Gari ya haɗiye shi. Daga Na'ibawa zuwa Unguwa Uku, zuwa Hotoro, har Yankaba, gidaje ne da makarantu da shaguna dama da hagu. Da magariba tireloli kan jeru a gefen kwalta su cinye hannu guda sukutum. Yaron mota ya tura dutse ƙarƙashin taya, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, ga baƙin mai yana ɗiga. Wadda ta lalace a tsakiyar titi kuwa, ganye ake karyowa a zuba a bayanta, shi ne alamar gargaɗi. Ganye, ranka ya daɗe, a cikin dare, a titin da mai babur ke tahowa da matarsa a baya.

A Fabrairun 2025 wata tirela ɗauke da kaya da mutane ta ƙwace a gadar Hotoro, sama da mutum 20 suka rasu. Sabuwar gada ce, an kashe mata kuɗi, an yanka mata zare. Ba ta hana ba, domin gada ba ta auna lodi, ba ta duba birki, ba ta tambayar dalilin da ya sa aka ɗora bil'adama a kan buhuna. Kafin nan, a Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, wuta ta ci mutum fiye da 150. A ƙaramin gari ke nan. Ka ƙiyasta irin wannan a Hotoro da la'asar. Mu da muke kwana muna tashi kusa da waɗannan tankoki ba ƙiyastawa muke yi ba, da fargabar muke barci.

Na san amsar da za a kawo maka kafin ka gama karanta wannan: ai hanyar tarayya ce. An daɗe ana rufe mana baki da wannan magana. To, gaskiya ne baifas na yamma, wanda ya tashi daga titin Zariya ya nufi Dawanau, aikin Abuja ne, kuma tun 2007 aka ba da kwangilarsa aka yi ta jan ƙafa har yaran da aka haifa a shekarar suka isa jefa ƙuri'a. Amma kwaltar ce ta tarayya. Wanda tirela ta take ɗan Kano ne, a asibitin Kano ake kwantar da shi, a maƙabartar Kano ake rufe shi. Ba da fili a bakin gari don gina tashar manyan motoci ba ya buƙatar sa hannun minista, ƙasa a hannun gwamna take. Ƙayyade sa'o'in shigowa gari ba ya buƙatar sa hannun minista, don irin wannan aka kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA. Hana gina shaguna a bakin sabon baifas, kada shi ma gari ya cinye shi, aikin hukumar tsara birni ta jiha ne. Cikin ukun nan wanne ne ya fi ƙarfinka?

Legas ta sha wuyar da ta fi tamu a Apapa, har a 2021 aka fito da tsarin da tirela ke jira a tasha sai an kira ta. Bai rasa matsala ba, amma an gwada. Mu nan me aka gwada? A ware fili a titin Zariya, da na Katsina, da na Maiduguri, a sa ruwa da banɗaki da masallaci da tsaro da wurin makanikai. A zauna da ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da ƙungiyar direbobin tanka da shugabannin kasuwanni a yanke lokaci. Direban da ya sami inda zai yi wanka ya kwanta motarsa na cikin aminci ba zai zaɓi bakin kwata ba. Amma kada a kafa dokar kafin a gina tashar, don in aka yi haka, an buɗe wa masu tare hanya sabuwar kasuwa ne kawai.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ma tirelar ce. Kai injiniya ne, ka fi ni sanin cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi guda ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ke nan ana cin bashi ko a kwashi kuɗin jama'a a shimfiɗa titi, mota mai lodi fiye da ƙima ta farfashe shi a damina biyu, a sake ba da kwangila. Ina sikelin auna manyan motoci a mashigan Kano? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru, mu kuma muka biya shi a gidan mai. Muna da haƙƙin jin nawa aka ware wa gyara, ba sabon gini kaɗai ba. Akwai kuɗin Sukuk da gwamnatin tarayya ta fara tarawa a 2017 don hanyoyi. A 2019 an fito da tsarin da ya ba kamfanoni damar gina titi a cire musu daga haraji. Kano ba ta rasa attajirai ba, ba ta rasa sanatoci da 'yan majalisa ba. Ka tara su a ɗaki guda a kan maganar hanyoyin kewaye, ko da ba ku shan inuwa ɗaya.

Sauran kuwa a taƙaice: gadojin masu tafiya a ƙasa kusa da makarantu, fitilun da suka mutu, magudanan ruwan ƙarƙashin gadoji, diyyar waɗanda aka rushe wa shaguna, da allon da zai nuna kuɗin kowace kwangila da ranar gamawa.

Ranka ya daɗe, mutanen nan sun tsaya maka a rana sun zaɓe ka, sun kuma tsaya har Kotun Ƙoli ta tabbatar maka da kujera. Ba su manta ba, kuma ba za su manta wanda ya bar musu tirela a ƙofar gida ba in lokacin ƙuri'a ya zagayo. Ina roƙonka don Allah, wata ranar Litinin ka ajiye jiniya da 'yan rakiya, ka shiga ƙaramar mota da ƙarfe bakwai na safe, ka bi daga Na'ibawa zuwa Yankaba. In ka dawo, ka sanar da mu ranar da za a aza harsashin tashar manyan motoci ta farko, da ranar da dokar sa'o'i za ta fara aiki. Rana muke son ji, ba kwamiti ba.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Hotoro, Kano