SHARHINMU: LAMIRIN MAI SAYAR DA MAGANI

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna aiki a shagunan magani na Kura da Bunkure da ƙauyukan noman rani na Kadawa, wasu masu harhaɗa magunguna ne, yawancinsu kuwa yaran kemis ne. Tambayar da suke kawo wa fastoci ita ce: in an zo neman maganin zubar da ciki, yaya za su yi?

A Amurka wannan batu ya kai kotu. A shekarar 2005 gwamnan jihar Ilinoi ya tilasta wa shagunan magani su ba da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, masu bi kuwa suka kai ƙara. Mu a nan doka tana bayanmu. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin lamiri da addini, dokar Final Kod ta Arewa kuma ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba su saba da mu a kan wannan ba. Matsalar tana wurin mai shago da ya ga kuɗi ya ce wa yaronsa, miƙa mata, kada ka yi tambaya. Yaron da ya ƙi, aka sallame shi, wajibi ne ikkilisiyarsa ta tsaya masa, har da neman wani aiki.

Amma akwai abin da ya fi damunmu. Maganin nan misoprostol, wanda ake zubar da ciki da shi, shi ne hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a 2006 don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Ƙwaya ce, ba ta bukatar firiji ko allura, shi ya sa take da amfani a ƙauye. Matar da ta haihu da dare a wata unguwa ta bakin kanal, jini ya ɓalle mata, ba lallai ta kai asibitin Kura da rai ba. Wanda ya hana mijinta maganin, alhali ga takardar likita ko ta ma'aikaciyar jinya a hannunsa, bai kāre ran kowa ba.

Don haka muna roƙon dattawa su zauna da matasan nan, tare da ma'aikatan lafiya na cikinmu, a koya musu bambanta waɗannan biyun. Yarinyar da aka hana maganin kuma, kada a tona mata asiri a kasuwa. A haɗa ta da wata uwa cikin zumuntar mata.